Kada a Raina Lissafin Tukunya

Akwai wata magana da ta daɗe tana yawo a bakin waɗansu iyayen yara, har da waɗansu malaman makaranta, wadda ya kamata a tsaya a amsa ta, domin in aka ƙyale maganar da ba ta da tushe sai ta yi saiwa. Maganar kuwa ta shafi wani darasi ne na lissafi da a ke yi wa yara a ƙarshen firamare, inda a ke ce musu, in mudu kaza na shinkafa ya ishi mutum kaza, mudu nawa zai ishi mutum kaza? Kashi na farko na masu suka suna cewa wannan ƙasƙantar da ilmi ne. Wai an aika yaro makaranta ya koyo abin da zai zama likita ko injiniya, sai ga shi an zaunar da shi ana ƙidaya masa albasa da ludayin mai, kamar wanda za a ɗauka aikin kuku. Kashi na biyu suna cewa in ma tilas ne a koyar, to, a ware 'yan mata a koya musu, tun da su tukunya ta shafa. Kashi na uku kuwa suna cewa tsofaffin mata sun yi shekara da shekaru suna girkin biki da na suna, ba su taɓa riƙe alli ba, kuma ba a ji an kwana da yunwa ba.

Masu faɗin haka duka sun yi kuskure, kuma a kan 'ya'yansu kuskuren zai ƙare. Amma da ya ke ba a kayar da magana da tsawa, sai da hujja, ya kamata a fara bayyana ko wane irin lissafi ne wannan da a ke rainawa, sa'an nan a bi maganganun nasu ɗaya bayan ɗaya.

Lissafin Gwargwado

Lissafin gwargwado shi ne abubuwa biyu su riƙa tafiya tare, in ɗaya ya ninku sau biyu ɗayan ma ya ninku sau biyu, in ɗaya ya koma rabi ɗayan ma ya koma rabi. A ƙaddara uwargida ta saba auna mudu 2 na shinkafa, ya ishi mutanen gidanta su 12. Ran nan maigida ya ce gobe akwai baƙi, masu cin abinci za su kai 30. Mudu nawa za ta auna? A fara neman abin da mudu guda ke ciyarwa. In mudu 2 na mutum 12 ne, mudu 1 na mutum 6 ke nan. Sa'an nan a duba 6 nawa ke cikin 30, sai a tarar 5 ne. Mudu 5 za ta auna. To, da ya ke shinkafa ta tashi daga 2 zuwa 5, watau ta ninku sau biyu da rabi, tilas sauran kayan haɗi su bi ta. In dā ludayi 2 na mai a ke zubawa, yanzu 5 ne. In albasa 4 ce, yanzu 10. In attarugu 6 ne, yanzu 15.

Wani zai ce ai wannan kowa ya iya. Ba kowa ba. Mai karatu ya gwada yaran gidansa da wannan tambaya ya gani. Mai ƙosai takan markaɗa gwangwani 4 na wake da albasa 2. Yau ranar kasuwa ce, za ta yi gwangwani 6. Albasa nawa za ta sa? Yara da yawa za su ce 4, domin sun ga an ƙara 2 a kan wake, sai su ma su ƙara 2 a kan albasa. Amsar gaskiya kuwa 3 ce, don kowane gwangwani 2 albasa guda ke tafiya da shi. In mutum yana so ya ga girman wannan kuskure, sai ya kai waken gwangwani 24. Mai ƙarawa zai ce an ƙara 20, saboda haka albasa 22, alhali kuwa 12 ce daidai. Ƙosan da aka yi da lissafinsa babu mai saye sau biyu.

Bambancin nan tsakanin ƙari da ninki shi ne zuciyar darasin, kuma ba a nan kaɗai ya ke ba yara wuya ba. A Ingila an yi wani babban bincike a kan lissafin 'yan sakandare, wanda sakamakonsa ya fito cikin littafi a shekarar 1981 a ƙarƙashin jagorancin wata malama, Kathleen Hart. Cikin tambayoyin akwai ta miyar albasa da aka tsara don mutum 8, aka ce a mayar da ita ta mutum 4, sa'an nan ta mutum 6. Rabawa biyu ba ta ba yaran wahala ba. Amma da aka zo kan mutum 6, inda amsa ta faɗa cikin gutsuren lamba, sai da yawa ƙwarai suka kasa. Ashe abin da ke kayar da 'yan sakandare bai cancanci a kira shi wasan yara ba.

Ga Masu Cewa Ƙasƙanci Ne

Wanda ya ce lissafin abinci ƙasƙanci ne ga ilmi, bai san inda ilmin lissafi ya taso ba. Cikin tsofaffin rubuce-rubucen lissafi da suka rage a duniya akwai wata takarda ta ƙasar Masar, wadda wani magatakarda mai suna Ahmes ya kwafe wajen shekara 1550 kafin haihuwar Annabi Isa, mafi yawanta yana ajiye a gidan kayan tarihi na Biritaniya a birnin Landan. Me ke cikinta? Akwai yadda za a raba gurasa ga mutum 10, akwai kuma lissafin yawan gurasar da za ta fita daga awo guda na hatsi. A ƙasar Sin akwai wani littafin lissafi mai babi 9, wanda ya kai shekara dubu biyu, wani masani Liu Hui ya yi masa sharhi a shekarar 263. Babi na biyu na littafin nan a kan musayar hatsi ya ke, kuma a cikinsa aka ƙayyade cewa awo 50 na geron da ba a surfa ba daidai ya ke da awo 30 na surfaffe. Duk macen da ta taɓa surfe ta san abin da a ke nufi, don ta ga yadda dusa ke cinye kwano.

Masanan Indiya su suka ba wannan lissafi sunan ƙa'idar abu uku, domin abu uku a ke ba mutum ya nemo na huɗu, kuma Aryabhata ya ambace ta cikin littafinsa a shekarar 499. A Bagadaza, zamanin Halifa Ma'amun, wajen shekarar 820, Muhammadu ɗan Musa Alhawarizmi ya rubuta littafin da sunansa ya zama sunan fannin aljabara, wanda 'yan sakandare ke fama da shi yau. Bai ga ƙasƙanci ba da ya keɓe babi guda a ciki don ciniki da awo, ya nuna yadda a ke fitar da lamba ta huɗu daga ukun da aka sani. Da ƙa'idar ta isa ƙasashen Turai, saboda yawan amfaninta ga fatake sai aka riƙa kiranta ƙa'idar zinariya.

To, abin da Masar da Sin da Indiya da Bagadaza suka girmama, wane ne zai tsaya a ƙofar gidansa ya ce aikin kuku ne? Shi likitan da a ke so yaro ya zama, in zai ba jariri magani sai ya auna nauyinsa, ya ba shi gwargwadon kilo nawa ne. Injiniya in ya buɗe taswirar hanya, kowane santimita a takarda yana tsaye a madadin mita kaza a ƙasa. Ƙa'ida ɗaya ce da ta albasar mai ƙosai, babu ragi babu ƙari. Yaron da aka hana shi gane ta a tukunya, inda zai gani da ido ya ɗanɗana da harshe, ba a asibiti zai gane ta ba, inda kuskure ke kai mutum kabari.

Ga Masu Cewa Na Mata Ne

Waɗannan su je wurin magini su tsaya. Ɗaya daga cikin haɗe-haɗen kankare da aka saba shi ne siminti kwano 1, yashi 2, tsakuwa 4. In magini ya zuba siminti kwano 3, tilas yashi ya zama 6, tsakuwa 12. In ya bi hanyar ƙari, ko kuwa ya yi ta zuba yashi da ka, ginin da ya yi zai ba da shaida a kansa da damina. Su je gona su ga manomi da tankin feshi a baya. An rubuta a jikin kwalba yawan maganin da za a sa wa lita kaza ta ruwa. In ya rage, ƙwari su sha su yi ƙiba, in ya wuce, ganye ya ƙone. Su je gidan burodi, inda maza ke kwaɓa buhun fulawa da yisti da sukari tun kafin asuba. Kai, shi kansa maigida mai wannan magana, in ƙarshen azumi ya zo zai fitar da zakkar fid da kai, mudun Annabi 4 ga kowane kai, in iyalinsa 9 ne ya auna 36. Lissafin gwargwado ya yi ke nan, ko ya sani ko bai sani ba.

Abin mamaki kuma, sau da yawa mai cewa darasin na mata ne shi ne mai cire 'yarsa daga makaranta tun ba ta kai ajin da a ke koyar da shi ba. Ya hana ɗansa don wai na mata ne, ya kuma hana 'yarsa don wai mace ba ta bukatar karatu. An yi ba wan ba ƙanen.

Ga Masu Cewa Tsofaffi Ba Su Yi Makaranta Ba

Maganar kashi na uku ta fi sauran nauyi, domin akwai gaskiya a cikinta. Haƙiƙa tsohuwar da ta shekara talatin tana girki tana da ma'auni a idonta da tafin hannunta, kuma babu mai hankalin da zai raina wannan. An ma gwada irinsa. A birnin Recife na ƙasar Brazil, masu bincike sun bi yara 'yan talla a kasuwa, suka buga abin da suka gani a shekarar 1985. Yaran nan suna yin lissafin ciniki da ka kusan babu kuskure, amma da aka rubuta musu lambobin nan dai a takarda irin ta makaranta, sai suka yi ta faɗuwa. Wannan ya nuna ilmin gida da na kasuwa ilmi ne na gaske. Ya kuma nuna laifin makarantar da ta kasa haɗa shi da na allo.

Amma fa a tambaya, da me tsohuwar ta sayi gwanintarta? Da tukwanen da suka lalace ta saye ta, da tuwon da ya yi ruwa, da miyar da gishiri ya ɓata, shekara bayan shekara. Ashe ba alheri ba ne a ba yarinya cikin mako biyu abin da kakarta ta sha wuya shekara goma kafin ta samu? Bayan haka, idon tsohuwa ya saba da tukunyarta ne da yawan mutanen da ta saba ciyarwa. Ran da lamba ta wuce sabo, ido yakan ruɗe. A ƙaddara biki ne, ana jiran mutum 150. Bisa ga lissafin nan na mudu guda ga mutum 6, mudu 25 a ke bukata. In aka auna 18 da ka, mutum 108 za su ci, 42 su tashi da yunwa, a bar mai biki da kunyar da za a daɗe ana tuna masa. In kuwa don tsoron kunya aka auna 35, an yi asarar mudu 10, ban da man da naman da suka tafi tare da shi. Wancan abin kunya ne, wannan almubazzaranci ne, kuma ɗan lissafin da bai wuce layi uku ba ya isa ya kawar da su duka.

Zamani kuma ya kawo abin da tsofaffi ba su sani ba. Girki ya zama sana'a. A shekarar 2016 Gwamnatin Tarayyar Nijeriya ta fara shirin ciyar da 'yan firamare a makarantu, aka ɗauki dubban mata aikin dafawa, kowacce da yawan yaran da aka ba ta da kuɗin da aka yanka wa kowane yaro. Macen da ta shiga irin wannan aiki, ko ta karɓi kwangilar abincin taro, ko ta kafa teburin waina a tasha, in ba ta iya fitar da abin da kwano guda ke ci ba, za ta yi ta aiki tana murna, jarinta yana zurarewa ba ta sani ba.

Laifin Malamai da Masu Rubuta Littattafai

Bayan an gama da masu suka, dole a juya ga masu koyarwa, don su ma suna da rabonsu na laifi. Da darasin yana fitowa da amfani a fili, da ba a sami bakin raina shi ba.

Laifi na farko karatun aku ne. Malami yakan rubuta lambobi huɗu a allo, biyu sama biyu ƙasa, ya ja layi biyu a gicciye, ya ce a ninka wannan da wancan, a raba da ɗayan. Yara su haddace, su ci jarrabawa, amma in aka tambayi ɗayansu dalilin da ya sa aka ninka waɗannan ba waɗancan ba, sai ya sunkuyar da kai. In aka sauya wa lambobin wuri, sai ya fito da amsar cewa mutum 30 mudu 180 za su ci, ya kuma ja mata layi biyu a ƙasa ba tare da gabansa ya faɗi ba. Yarinyar da ta taɓa ɗaukar mudu a hannu ba za ta rubuta haka ba. Ita gajeriyar hanyar nan ta gicciye ba ƙarya ba ce, daidai ta ke, amma wurinta ƙarshen darasi ne. Kamata ya yi a fara da neman abin da guda ɗaya ke ci, a yi ta maimaitawa har ya zauna, a jera lambobi a layi biyu, mutane a sama mudu a ƙasa, 6 da 1, 12 da 2, 18 da 3, har yaro ya ga tafiyarsu tare da idonsa.

Laifi na biyu na littattafai ne. Sau da yawa misalin da a ke kawowa na abincin da yaro bai taɓa gani ba ne, da ma'aunin da babu shi a kasuwar garinsu. Kafin ya gane sunan abincin, ƙarfinsa ya ƙare, bai ko kai ga lissafin ba. Me ya hana a rubuta masa kunun gyaɗa, ko ɗanwake, ko alkaki? Me ya hana malami ya shigo aji da mudu da gwangwanin madara da ludayi, in babu hatsi a auna yashi? Kilo da lita wajibi ne a koya, domin su ke jikin buhu da kwalba, amma ta kan mudu za a hau zuwa gare su.

Wani malami zai ce mudu ba ma'auni ba ne na ƙwarai, tun da na wannan gari ba ɗaya ya ke da na wancan ba, kuma wani yana aunawa da tsororuwa wani a shafe. Gaskiya ne, amma wannan ai darasi ne da kansa. Lissafin gwargwado bai damu da girman mudu ba, abin da ya ke bukata shi ne wanda aka fara da shi a ƙare da shi. In an fara da tsororuwa a ƙare da tsororuwa. Yaron da ya gane haka ya gane dalilin da ya sa duniya ta nemi ma'auni guda, kuma ba a cuce shi a kasuwa da sauƙi.

Inda Gwargwado Ya Tsaya

Laifi na uku ya fi sauran ɓoyuwa. Akan koya wa yara ninkawa, a manta a gaya musu cewa ba kowane abu ke ninkuwa ba. In mudu 2 na shinkafa yana nuna cikin minti 40, mudu 4 ba ya bukatar minti 80. Wadda ta bi alli a nan, ƙanzo za ta kwashe. Itace ma haka, babbar tukunya guda ba ta cin itacen ƙananan tukwane biyar. Ruwan da ke tashi tururi ya dogara ne ga faɗin bakin tukunya da daɗewarta a kan wuta, saboda haka mai babban girki takan rage ruwa kaɗan daga abin da ninki ya nuna. Gishiri da yaji da kanwa akan lissafa su, sa'an nan a zuba ƙasa da lissafin a ɗanɗana, domin ana iya ƙarawa amma ba a iya tsamewa. Tukunyar da ta ninka wata a faɗi da zurfi, in sifarsu ɗaya ce, ninki 8 ta ke ci, ba 2 ba. Sa'an nan su kansu masu cin abincin ba ɗaya su ke ba, cikin yaro ba cikin ƙato ba ne.

Akwai kuma abubuwan da ke tafiya a saɓa, ɗaya na hawa ɗaya na sauka. Buhun da ke kai mutum 10 kwana 30, in suka zama 15 kwana 20 zai yi. Dakan da mata 4 ke gamawa cikin awa 3, mata 6 za su gama cikin awa 2. Yaron da aka koya masa gicciye kawai zai ce da mutane suka ƙaru buhun ya ƙara daɗewa.

Masu suka kada su ɗauka wannan hujja ce gare su. Hujja ce a kansu. Babu inda yaro zai koyi iyakar ƙa'ida kamar wurin murhu, domin a nan ne in ya yi kuskure tukunya za ta ƙaryata shi nan take. Tambayar farko da ya kamata a saba masa da ita, kafin ya taɓa alƙalami, ita ce, shin waɗannan abubuwa biyu tare su ke tafiya? A nan kuma ilmin tsohuwa da na malami ke haɗuwa, shi ya kawo ƙa'ida, ita ta nuna inda ƙa'idar ke tsayawa.

Inda Rai Ke Ciki

Akwai wani haɗi guda da ya isa ya rufe bakin duk mai gardama, shi ne ruwan gishiri da sukari da a ke ba yaro mai gudawa don kada ruwan jikinsa ya ƙare. Wanda ya fi kyau shi ne na ƙunshi da a ke samu a asibiti da kantin magani, a zuba shi cikin yawan ruwan da aka rubuta a jikinsa. In babu shi, ma'aikatan lafiya sun koyar da na gida: lita 1 ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokalin shayi 6 na sukari a shafe, da rabin ƙaramin cokali na gishiri. Sukarin nan shi ke taimakon hanji ya ja gishiri da ruwa zuwa cikin jiki, amma sai in an kiyaye gwargwado. Sukari ya yi yawa, gudawa ta ƙaru. Gishiri ya yi yawa, ya zama cuta ga yaron.

To, ledar ruwan sha da a ke sayarwa a titi rabin lita ce, sai an haɗa 2 su ke cika lita. Uwar da ke da leda guda cikin dare, in ta san lissafinta, sukari cokali 3 za ta sa, gishiri rubu'in cokali, ta riƙa ba yaron kaɗan kaɗan kafin a kai shi asibiti. In ba ta sani ba, ta juye ma'aunin lita cikin rabin lita, ta ninka wa ɗanta gishiri sau biyu da hannunta, tana tsammanin magani ta ke ba shi. Wannan shi ne darasin da a ke cewa ɓata lokaci ne.

Abin Da Ya Kamata

Iyayen da suka yi yaƙi da jahilci da girmansu sun fi kowa sanin zafin rashin ilmi, saboda haka su ya kamata su fara. In yaro ya dawo da tambayar mudu da albasa, kada a yi masa dariya, a tura shi wurin uwarsa ya tambayi abin da ta ke aunawa, ya rubuta, ya lissafa na ranar suna, a gwada a gani. Maigida ya ba ɗansa lissafin zakka da na takin gona. Uwargida ta ba 'yarta lissafin cefane, ta kuma bar ɗanta namiji ya tsaya kusa ya ji. Malamai su ajiye gicciye sai ƙarshe, su shigo da mudu aji. Masu rubuta littattafai su leƙa kasuwar ƙauye kafin su zaɓi misali, kuma cikin kowane tambayoyi goma su sa guda wadda ninki ba ya aiki a cikinta, don a san mai tunani da mai hadda.

Masu iya magana sun ce ilmi gishirin zaman duniya ne. Gishirin ma kansa sai an auna shi ya ke gyara miya. Allah ya sa a gane, amin.